Jinyar Daushe

Allah Mai rahama, wanda Ya ɗauki nauyin ciyar da kowane mai rai, Ya sanya abincin wata mage a hannun Iya Saudat, tsohuwar da ke zaune a ɗakin ƙurya na gidan marigayi Malam Rilwanu, a unguwar Sabo ta Ibadan. Daushe ake kiran magen, domin a cikin huhun goro aka tsince ta tana ƙarama. Yanzu ta tsufa kamar uwar ɗakinta. Haƙoranta sun zube, ƙazwa ta tsige mata gashin baya, fitsari kuma yakan kufce mata kafin ta kai bakin rariya.

Ranar da ya kufce mata a kan sabon kafet ɗin falo, a ranar Alhaji Manniru, babban ɗan Iya, ya tsaya a ƙofar ɗakin mahaifiyarsa da kwali a hannu.

"Iya, magen nan ba ta da lafiya. Zan kai ta asibitin dabbobi a Mokola, a yi mata allura."

Daɗi ya kama Iya. Da hannunta ta shimfiɗa tsohon ɗankwali a cikin kwalin, ta kwantar da Daushe, tana shafa mata kai.

"Allah Ya yi maka albarka, Ɗanmalam," in ji ta, domin da wannan laƙabi take kiransa. "Ka gaya musu ba ta iya tauna, sai abu mai laushi."

Da yamma ya dawo hannu sake. Ya ce sun kwantar da ita.

To, Iya ba ta san wata ma'ana ga wannan kalma ba sai wadda kowa ya sani. Wanda aka kwantar a asibiti majinyaci ne, majinyaci kuwa daga gida ake kai masa abinci. Saboda haka kullum da safe takan jiƙa busasshen kifi, ta cire ƙayar da yatsunta, ta dama shi da ɗan koko, ta rufe a ƙaramin kwano. In Alhaji Manniru ya fito zai tafi Kasuwar Bodija, inda yake sayar da albasa, sai ya tarar da ita a tsaye a soro. Yakan karɓa da hannu biyu, ya ce, "To, Iya." In ya dawo ta tambaye shi mai jiki, amsa ba ta yi masa wuya. Yau ya ce da sauƙi. Gobe ya ce likita na so ƙazwar ta bushe tukuna. Wata rana ya ce cunkoson motoci ya hana shi tsayawa, amma ya aika. Matarsa Raliya takan ƙara daga kicin, "Iya, ai ta fi mu jin daɗi. Har fanka suke da ita a can."

Kwanukan Iya suka yi ta tafiya, babu mai dawowa. Dare kuma ya yi mata tsawo, domin ta saba jin ɗumin magen a kan ƙafafunta masu sanyi. Ta yi ta roƙa mata sauƙi a bayan kowace salla, ba ta jin kunyar sanya dabba a addu'a, tun da Wanda take roƙo Shi ne Ubangijin su biyun.

Wata safiya ta fito soro da kwano, ta tarar Alhaji Manniru ya buɗe bayan motarsa yana neman wani abu, waya kuma ta ja shi gefe. Wari ne ya fara isa hancinta. Ta matsa da sandarta, ta leƙa. Ga kwanukanta nan a jere bayan taya, ko murfin ɗaya ba a ɗaga ba. Ta buɗe na kusa. Tsutsa ce ke motsi a ciki.

Ba ta yi magana a titi ba. Ta koma ɗaki, ta aika a kira mata shi da matarsa.

"Ina Daushe?"

Raliya ce ta riga shi. "Iya, ki yi mana adalci. A falon nan nake baje leshi da atamfa. Matan da ke saye Yarbawa ne, kin kuwa san yadda suke ɗaukar tsohuwar mage. Wata ta taka ƙofa, ta ga idon nan nata, ta juya tana tofe-tofe. Ga wari. Ga yara na tari."

"Ba ke na tambaya ba, 'yar nan."

Alhaji Manniru ya gyara zama a bakin tabarma. Mutum ne mai sahun gaba a masallaci, kuma cikin nutsuwa ya yi bayani, irin na wanda ya daɗe da shirya amsa.

"Iya, ni ma ɗan malam ne. Na san azabar da aka yi wa mai tsare mage ya hana ta ci. Shi ya sa ban tsare ta ba, ban sa mata guba ba, ban kuma ɗaure ta a buhu na jefa a motar Ojoo kamar yadda wasu ke yi ba. A hannun masana na sa ta. In ta ci, ladansu. In ba ta ci ba, alhakin na wuyansu, tun da su suka rufe ta. Ni dai na fita."

Iya ta dube shi. "Wane malami ya ba ka wannan fatawa?"

"Hankali ne kawai, Iya."

"Ka je ka ɗauko ta."

"Ki yi haƙuri. Ba za ta sake kwana a gidana ba." Ya miƙe, ya duba agogo, ya ce motar albasa na jiransa.

Bayan fitarsa Iya ta yi alwala, ta sa hijabinta, ta ɗauki tabarmar salla da buta da kwanon da ta dama a ranar. Ta tari keke mai ƙafa uku a bakin masallaci. Ta yi shekara da shekaru a Ibadan, Yarbancin kasuwa bai gagare ta ba, da shi ta yi ta tambaya a Mokola har aka nuna mata wani ƙaramin gida a bayan gidan mai, inda haushin karnuka ke tashi.

Likitar mace ce, Bayarbiya Musulma, Dokta Muhibbat. Da ta ga tsohuwa da sanda sai ta rusuna har ƙasa. "Ekabo, Mama. Sannu. Wa kike nema?"

"Majinyaciyata nake nema. Jar mage, ba haƙori."

Fuskar likitar ta canza. Ta ja ta zuwa wani ɗaki mai tsawo, keji a kan keji. Karnuka ne a yawancinsu, sai zomo guda, sai wani aku da ya tsige gashin ƙirjinsa. A kejin ƙasa, can ƙurya, Daushe na kwance a kan ɗankwalin, ta juya wa ƙofa baya. Haƙarƙarinta duk a waje. An aske mata hannu ɗaya an ɗaura robar ƙarin ruwa.

"Daushe," in ji Iya.

Kunnen magen ya motsa. Ta yi ƙoƙarin tashi, ƙafafun baya suka ƙi. Ta buɗe baki, kukan bai fito ba.

Iya ta zauna a ƙasa, ta buɗe kwano, ta lakato da yatsa, ta miƙa. Magen ta shinshina, ta lasa sau ɗaya, ta sake lasa, sannan ta ɗora haɓarta a tafin hannun tsohuwar ta lumshe ido.

"Tun da aka kawo ta ba ta ci ba," in ji Dokta Muhibbat, tana haɗa Hausa da Yarbanci. "Wani Alhaji Jamil ne ya kawo ta. Ya ce a hanya ya tsince ta, zai je ya dawo. Wayarsa ba ta shiga. Mama, duk waɗannan da kike gani haka aka yi musu. Kowa zai je ya dawo ne. Ita wannan, har na fara tunanin in yi mata allurar da za ta hutar da ita gaba ɗaya, don ba na iya kallonta."

"Kada ki yi. Rai na Mai shi ne, kuma tana da gida."

"To ki tafi da ita yau. Ƙazwa na warkewa, amma tsohuwar mage ba ta rayuwa a tsakanin haushin karnuka. Tsoro ne ke cinye ta. In ta ƙara daɗewa a nan, ba ni da abin da zan yi mata."

Iya ta yi tunani. In ta ɗauke ta yanzu ta kai gida, gobe tana cikin sujada za a sa ta a buhu, kuma a wannan karon babu asibitin da za ta je nema. Wanda ya fitar da ita da hannunsa, shi ne zai mayar da ita da bakinsa, a gaban mutanen da yake jin kunya.

"'Yata," ta ce, "a asibitin mutane ana barin majinyaci shi kaɗai?"

"A'a, Mama. Sai da mai jinya."

"To ga mai jinya ta zo. Nuna mini inda zan shimfiɗa tabarma."

Likitar ta yi dariya, ta ga tsohuwar ba wasa take yi ba, ta daina. Ta share mata ɗan ɗakin da ake ajiye buhunan abincin dabbobi, ta mayar da Daushe can, nesa da karnuka gwargwadon hali. Iya ta leƙa waje, ta sallami mai keken da ke jiranta, ta ba shi saƙo. "Ka biya ta layin gidan Malam Rilwanu, ka shaida wa matan unguwa Iya Saudat na asibiti a bayan gidan man Mokola, tana jinya." Ba ta ƙara ko harafi a kan gaskiya ba.

A Sabo ba a jin tsohuwa kamar Iya na jinya a zauna. Ita ta wanke jegon rabin matan layin, ita ta yi wa iyayensu sutura. Washegari keke ya fara sauke mata a bakin gidan mai, kowace da filas ɗin kunu ko ledar lemo, suna tambayar asibiti. Aka nuna musu. Suka tsaya cirko-cirko a ƙofa, karnuka na haushi, suna tattare hijabai.

Hajiya Hadiza, maƙwabciyar Iya, ce ta fara shiga. "Innalillahi! Iya, wa ke kwance? A nan?"

Iya ta ɗaga gefen zanenta. Daushe na kan cinyarta tana numfashi sama-sama.

"Mage?" in ji wata daga baya, ta toshe baki don kada dariya ta fito. "Kunun gyaɗa na dama da asuba saboda mage?"

"Ladanki na nan, Sakinat. Zuba mata kaɗan a murfi, ya huce."

"Amma Iya, salla fa? Cikin karnuka?"

"Mai rai ba najasa ba ne a karatun da Malam ya yi mana. Na share wuri, na yi sallata. Ku zauna."

Suka zauna. Ba ta zagi ɗanta ba, ba ta kai ƙararsa ba. Duk wadda ta tambaya yadda aka yi, sai ta ce, "Ɗanmalam ne ya kawo ta, bai samu sukunin dawowa ba." Matan suka dubi juna. Hajiya Hadiza kuwa, da ta tashi zagayawa ta bi ta ɗakin keji, sai akun nan ya ɗaga kai ya yi mata fiton da ya saba yi a gidanta kafin ta kawo shi nan. Ta tsaya cak. Ta ja hijabi ta rufe rabin fuska, ta dawo ta zauna.

Kwanaki suka shige, masu dubiya na zuwa suna komawa da labari. Daushe takan lasa daga yatsan Iya, amma da zarar karnuka sun ɗauki haushi sai jikinta ya hau ɓari, ta amayar da ɗan abin da ta ci. Idonta ɗaya ya rufe da kwantsa. Iya kanta ƙafafunta suka kumbura saboda kwanan siminti. Alhaji Manniru ya yi ta kiran wayar Hajiya Hadiza yana cewa a lallashe ta. Ya aiko da katifa, Iya ta mayar. Ya aiko Raliya, ta zo ta tsaya daga nesa tana cewa, "Iya, kina tona mana asiri saboda dabba." Iya ta ce mata ita ba ta tona komai ba, zama kawai take yi.

Ranar Juma'a, da aka sallame, tun kafin Alhaji Manniru ya sa takalmi dattawa suka kewaye shi. Wannan ya ce yaya mai jiki, wancan ya ce ya ji an ce gyatumarsa na kwana a asibitin karnuka, ko gaskiya ne? Bai bi ta gida ba. Da farar shaddarsa da ƙamshin turare ya iso, ya tarar da ɗakin cike da mata.

Dokta Muhibbat ta fito daga ciki tana cire safar hannu. "A'a! Alhaji Jamil! Ka dawo ke nan."

Sakinat ta ce a hankali, "Jamil kuma?"

Alhaji Manniru ya yi kamar bai ji ba. Ya durƙusa a gaban uwarsa, ya rage murya. "Iya, don girman Allah ki tashi mu tafi. Zan ɗauki nauyinta a nan har ƙarshen ranta, abinci da magani. Me kuma ya rage?"

Iya Saudat ta ɗago kai. Tun da ta haife shi bakinta bai taɓa furta sunansa ba, domin ɗan fari ne, kuma alkunya ta hana. Matan da ke wurin duk sun san haka.

"Manniru," in ji ta.

Ya zabura kamar an watsa masa ruwan zafi. Wata tsohuwa ta yi salati.

"Manniru aka raɗa maka, ni na ji da kunnena. Ka zo nan ka ajiye mai rai, ka ajiye sunanka tare da ita, ka ɗauki na aro ka tafi. Kana tsammanin mala'ikun da ke kafaɗunka su ma Jamil suka rubuta? Ka ce likita ce ta rufe ta. Wa ya miƙa ta? Wa ya karɓi abincinta daga hannuna da bismilla, ya bar shi ya yi tsutsa?"

Hajiya Hadiza ta sa baki don ta sassauta. "Alhaji, ka gane mana. Tsoro take ji, kada wata rana ita ma in ta gaza a kai ta wani wuri a manta."

"A'a, Hadiza," in ji Iya da ƙarfi. "Kada ki mayar da maganar kaina. Ni ina da baki, ga shi kuna ji. Wannan ba ta da shi. Haƙƙinta nata ne ko da ni ban taɓa zuwa duniya ba. Ta kama ɓerayen gidan nan tana da ƙarfi, za ta ci abincin gidan nan ba ta da shi."

"Iya," in ji shi, gumi na bin wuyan rigarsa, "na riga na faɗa. Gidana ba zai..."

"Gidan wa?"

Ya sunkuyar da kai, Iya ta ci gaba.

"Gidan Malam Rilwanu ne, kuma ba a raba shi ba, don ni na ce a bari. Matar mamaci mai 'ya'ya tana da tumuni, kashi ɗaya cikin takwas, Allah ne Ya yanka mata, ba kai ba. In magen nan ba ta da wuri a gidanka, gobe ka kira liman da ƙannenka a auna. A ja mini igiya a kan nawa, in ya bi ta tsakiyar falo ne ma a ja. A cikin tumunina za ta kwana."

Alhaji Manniru ya dubi matan, ya ga babu fuskar da zai jingina da ita. Ya san uwarsa ba ta faɗin abin da ba za ta yi ba, ya kuma san liman ba zai iya ce mata a'a ba.

"To," in ji shi daga ƙarshe. "Ta dawo. Amma a ɗakinki kaɗai."

"A ɗakina, da tsakar gida, da duk inda rana ta sauka tana son shanta. Faɗi da ƙarfi, waɗannan su ji."

Ya faɗa, suka ji. Bai ce ya tuba ba, ita ma ba ta nema ba, domin wannan tsakaninsa ne da Ubangijinsa. Dokta Muhibbat ta cire robar, ta ba da maganin shafawa. Da suka fito ya nufi bayan mota zai buɗe don ya sa magen, Iya ta wuce shi ta buɗe ƙofar gaba, ta zauna da Daushe a cinya, ta ce a sauke gilashi.

Sauran kejin nan suna nan yadda aka bar su. Masu su ba baƙi ba ne. Suna cikinmu, kafaɗa da kafaɗa a sahu, kowannensu ya samo wa kansa dabarar da ta sauke masa nauyi, ya miƙa wa wata baiwar Allah abin da shi za a tambaya. Sun ɗauki dabba lokacin da take abin sha'awa, yara na wasa da ita, baƙi na yabawa. Da ta tsufa ta fara wari, sai suka tuna akwai asibiti. Ranar da za a ba wa marasa baki baki, ban san sunan da za su amsa da shi ba.

Motar ta shiga Sabo a hankali, mutane na leƙe. A tsakar gida Iya ta durƙusa da ƙyar, ta sauke magen a ƙasa. Raliya na tsaye a ƙofar falo. Daushe ta ɗaga hanci ta shaƙi iskar gidan. Sannan ta ja jikinta da ƙafafun gaba, kaɗan-kaɗan, na baya na jan ƙasa, har ta kai gindin famfo inda ruwa ke taruwa a wani fasasshen kasko. Ta sa baki ta sha, ta daɗe tana sha.

"Alhamdu lillahi," in ji Iya Saudat. Ta juya ga ɗanta. "Kwanukana na bayan motarka. A wanke su, da safe zan dama mata."